FILIN MANOMA: Zabuwar Ado, Shukar da Yawan Ruwa ke Kashewa

Filin nan ya saba magana a kan gero da dawa, da gyaɗa da auduga, watau abin da ke cika rumbu ko ya kawo kuɗi. Wannan mako kuwa magana za ta karkata ga wata 'yar shuka wadda ba a cinta, ba a shanta, ado kaɗai ake yi da ita. Kada manomi ya ce wannan ba ruwansa. Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara cikin 1996, ofisoshi da masaukai da gidajen siminti suka yawaita, masu su kuwa suna son ɗan kore a bakin ƙofa. Amma ruwa yana da tsada da rani, kuma ba kowa ke da sukunin ban ruwa safe da yamma ba. Saboda haka shukar da ke jimre ƙishi tana da masu so. Duk mai tukunya da rairayi da ɗan haƙuri yana iya samun rabonsa a ciki, ko a Kwatarkwashi yake, ko Tsafe, ko Bunguɗu.

Sai dai akwai abu guda da ke jawo hasara. Akawu yakan sayi shukar da tsada cikin bazara, ya yi ta lallashinta da ruwa kowace safiya, kafin ƙarshen Agusta ta ruɓe ta zube, sa'an nan ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Yawan kula ne ya kashe ta. Dalilin wannan darasi ke nan.

Wace ce zabuwa?

Zabuwar da ake nufi a nan ba tsuntsuwar gida ba ce. Wata shuka ce mai ganye kauri, cike da ruwa mai yauƙi, da 'yan ƙayoyi a gefen ganyen. Wajen Sakkwato da Zamfara akan ce mata zabo ko zabuwa, domin ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyen ya yi kama da zanen zabo. Wajen Kano da Zariya kuwa kabar giwa ake ce mata. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya rubuta waɗannan sunaye cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa tun 1916. Masana suna kiran dangin duka Aloe. Sun fi iri 500, yawancinsu a Afirka, da tsibirin Madagaska, da ƙasar Larabawa. Alobera wadda mata ke shafawa a fata ɗaya ce daga cikinsu, asalinta kuwa daga ƙasar Larabawa ne.

A dajin Arewa akwai na gida. Akwai wadda masana ke kira Aloe buettneri, mai gindi kamar albasa, wadda ganyenta ke bushewa da rani, in ruwa ya sauka ta sake tohowa. Akwai kuma Aloe schweinfurthii, mai son duwatsu, wadda ke yin 'ya'ya kewaye da ita har ta zama dandazo. Waɗannan manya ne, ganyensu ya kai kamu guda ko fiye, sun fi ƙarfin tagar ofis.

Yadda aka sami ƙanana

A Madagaska akwai waɗansu iri ƙanana ƙwarai. Aloe descoingsii, wadda wani masani na Afirka ta Kudu, G. W. Reynolds, ya bayyana cikin 1958, faɗinta bai fi inci 2 ba. Aloe rauhii, wadda ya bayyana cikin 1963, ganyenta toka-toka ne da ɗigon fari. Dukansu biyu a kan duwatsu suke fitowa, a kudu maso yammacin tsibirin inda ruwan sama bai da yawa. A riƙe wannan, domin shi ne tushen halin jikokinsu.

Masu kiwon furanni suka ɗauki irin waɗannan suka yi ta haɗa su da juna. Ga yadda ake yi. A ɗebi ƙurar fure daga wannan iri a shafa wa furen wancan, in ya yi ƙwaya a shuka, a zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, a sake haɗa su. Abin da ya fito shi ake kira ruwa-biyu, kamar yadda jaki da goɗiya ke haifar alfadari. Kada a rikita wannan da auren mangwaro, inda ake ɗaura reshe a kan wani gindi. Wancan aikin wuƙa ne, wannan kuwa aikin fure ne. A Kalifoniya ta Amurka aka fi yin wannan sana'a. John Bleck ya fitar da mai suna Lizard Lips, Dick Wright ya fitar da Doran Black, Kelly Griffin kuma ya fitar da Pink Blush da Christmas Carol da waɗansu masu yawa. Faɗin irin waɗannan yakan kama daga inci 3 zuwa 8. Ganyensu yana da ƙuraje-ƙuraje da haƙora masu launi, ja ko fari ko ruwan goro. In lokacin fure ya yi, sai su fid da wani siririn kara wajen ƙafa guda, da furanni kamar 'yan bututu, waɗanda ƙananan tsuntsaye masu dogon baki ke zuwa shan zaƙinsu.

Darasin dutse

Wanda ke son ya gane halin shukar nan, ba sai ya je Madagaska ba. Ya tsaya gindin Dutsen Kwatarkwashi bayan an ɗauke ruwa ya duba. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, amma kafin a jima ya gangare, dutsen ya tsane. Tsire-tsiren da ke maƙale a tsagar dutse, ƙasar da suke ciki ba ta fi tafi biyu ba, rabinta ma tsakuwa ce da ruɓaɓɓen ganye. Sukan jiƙe sarai, sa'an nan su bushe da sauri. To, haka zabuwa ke so: ta sha ta ƙoshi, kāna saiwarta ta bushe.

Dalili kuwa biyu ne. Na fari, ganyen nan mai kauri randa ce, a ciki take ajiye ruwan da za ta yi makonni tana amfani da shi. Na biyu, jikin kowane ganye yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Dawa da masara da rana suke buɗe nasu. Zabuwa kuwa takan rufe nata da rana, sai da dare in gari ya yi sanyi ta buɗe. Don haka ruwan da take ɓatarwa kaɗan ne ƙwarai. Amma saiwa ita ma tana bukatar iska. In ƙasa ta zauna jagab kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, saiwar ta shaƙe ta mutu, ruɓa ta hau gindi. A ƙasar Gusau kusan dukan ruwan shekara cikin wata biyar yake zuba, daga Mayu zuwa Satumba, Agusta kuwa ya fi kowane wata. Ashe abokin gaban zabuwar ado a nan ba rani ba ne, marka ce.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa wadda magina ke yi ta fi ta roba nesa, domin tana tsatsafo, ƙasar ciki ta bushe da wuri, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba ko gwangwani. Saiwar zabuwa ba ta nitso ƙwarai, saboda haka kasko mai zurfin inci 4 ko 5 ya isa. Kada tukunya ta fi shukar faɗi da fiye da inci guda ko biyu ta kowane gefe. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba ta iya shanyewa.

Lalle ne a huda gindin tukunya. Ya fi kyau a gaya wa mai gini ta huda tun tukunyar tana ɗanya, rami guda kamar kaurin babban yatsa ko ƙanana uku. A ɗora ɗan tsingaro a bakin ramin don kada ƙasa ta zurare. A aza tukunyar bisa duwatsu uku ko bulo, kada ta zauna daɓas a ƙasa. Wannan yana barin ruwa ya fita, yana kuma rage wa gara hanya.

Ga yadda za a haɗa ƙasa, da kowane irin ma'auni, ko mudu ko gwangwani:

Rairayin rafi mai manyan ƙwayoyi, awo 2.
Tsakuwa ƙanana ko burji, kamar girman ƙwayar dawa zuwa ta wake, awo 1.
Ƙasar jigawa gauraye da ɗan tsohon taki wanda ya ruɓe ya zama gari, awo 1.

In an sami gawayi a farfasa kaɗan a zuba. A guji laka da baƙar ƙasar fadama, a guji ɗanyen kashin kaji ko na shanu, a guji kuma rairayi mai laushi kamar gari, domin yakan daskare. A gwada haɗin kafin a dasa: a jiƙa, a dunƙula a hannu, a buɗe. In ya wargaje, ya yi. In ya tsaya curi kamar fura, a ƙara tsakuwa. Bayan an dasa a barbaɗa tsakuwa a sama, yadda ganyen ƙasa ba zai kwanta a kan danshi ba. Kada a binne wuyan shukar. Inda ganye ya fara, nan ƙasa za ta tsaya.

Ban ruwa

Ba a ba zabuwa ruwa don yau Litinin ce ko Jumma'a, sai don ƙasa ta bushe. A sami tsinke a soka har gindin tukunya, a zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a ƙyale ta. In ya fito busasshe, a zuba ruwa a kan ƙasa har ya ɗiga ta ramin gindi, sa'an nan a rabu da ita. Kada a zuba a tsakiyar ganye, domin ruwan da ya kwana a ƙoƙon nan yana ruɓar da zuciyar shukar. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi muni.

Ga abin da mutum zai tarar bisa ga lokatai, ko da yake tsinke ne alƙali.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke kai awo 40, ƙaramin kasko yakan bushe cikin mako guda. A ba da ruwa da sassafe ko da maraice.

Da damina a janye tukwane ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske ke shiga amma ruwa ba ya duka. Kada ko kusa a bar su ƙarƙashin indararo ko bakin kwano. Cikin marka, iska kanta tana da laima, ƙasa takan yi mako biyu ko uku ba ta bushe ba. A wannan lokaci hannun mai ban ruwa ya huta.

Da kaka, Oktoba da Nuwamba, a mai da su waje. Lokacin girma ne.

Da hunturu kuwa kamar sau ɗaya cikin kwana 10 zuwa 14 ya isa. Ƙurar hazo takan rufe ganye, sai a kakkaɓe da gashin kaza.

Ruwan sama da aka tara ya fi kowane. Ruwan rijiya mai zartsi yakan bar farin gishiri a bakin tukunya, in an ga haka a kwarara ruwa mai daɗi ya wanke ƙasar. Ban da ruwan wanki mai sabulu, ban da ragowar shayi da ake juyewa a tukwanen ofis. Kada kuma a ajiye ta wurin alwala. Ruwa sau biyar a yini alheri ne ga ayaba da gwanda, ga zabuwa kuwa ajali ne.

A yi lissafi a gani. A ce mutum yana da kasko 20, kowane yana shan rubu'in lita. Lita 5 ke nan a mako cikin tsananin bazara, watau jarka guda mai lita 25 ta 'yan ga-ruwa za ta kai shi mako biyar. Ba wata shukar ado mai laushin ganye da za ta yarda da wannan.

Taki ba ta son da yawa. Tafi guda na tsohon taki a farkon kaka ya ishe ta shekara. Takin zamani irin na masara yana sa ganye ya yi laushi ya kumbura, launin ya gushe, ruɓa ta sami ƙofa.

Rana da inuwa

Da yake ana cewa shukar ƙasar fari ce, waɗansu sukan ajiye ta tsakiyar rana a kan siminti. Kuskure ne. Ranar Afrilu a ƙasar nan tana ƙona ƙananan nan, tabon ƙuna kuwa ba ya gogewa. Wuri mafi kyau shi ne gefen gabas na ɗaki, inda za ta sha hantsi har wajen ƙarfe 10 ko 11, sa'an nan inuwa ta rufe ta. Ƙarƙashin itace mai shara-sharan inuwa shi ma ya yi.

Shukar da kanta tana faɗin halin da take ciki. In ganye ya yi ja-ja ko ruwan goro amma yana da tauri, lafiya lau, hasken ne ya fito da launinta, shi ma ake saye. In ya koɗe ya yi tsawo ya baje, tana neman haske. In ya shanye ya naɗe kamar kwami, ƙishi ne. In gindin ganye ya yi laushi, ya yi kamar an dafa, ruwa ya yi yawa. Akawun da ke son ta a kan tebur, ya ajiye kusa da taga. In ofishin mai duhu ne, ya sami biyu ya riƙa musanyawa, wannan mako guda a ciki, waccan a waje. Wadda ta daɗe cikin ɗaki kada a fid da ita rana gaba ɗaya, a saba mata sannu-sannu cikin kwana goma.

Yadda ake yaɗa ta

Manomin da ya taɓa ajiye irin masara ruwa-biyu ya shuka baɗi ya san abin da ya gani: gona ta fito gauraye, wata doguwa wata gajera. Haka ƙwayar zabuwa ruwa-biyu take, 'ya'yan ba su kama da uwar. Ganye kuma in an yanke an dasa ba ya yin saiwa, ruɓewa yake yi. Hanya sahihiya ita ce ta 'ya'yan da ke fitowa a gindi, kamar na ayaba.

A jira ɗan ya kai kamar sulusin uwar, ya yi 'yar saiwa tasa. A zare shukar duka daga tukunya, a kakkaɓe ƙasa, a yanke ɗan da wuƙa mai tsabta. A shafa wa miki garin gawayi, a ajiye a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin ya bushe. A dasa cikin busasshiyar ƙasa, kada a ba da ruwa sai bayan mako guda. Wannan jira shi ke yi wa mutane wuya, shi ne kuwa asirin abin. Kaka ce lokacin da ya fi dacewa. Kada a yanka cikin marka.

A ce uwa guda tana ba da 'ya'ya 3 a shekara. Ƙarshen shekarar fari ana da 4. In kowace ta yi haka, ƙarshen ta biyu ana da 16. Waɗansu iri sun fi haka haihuwa, waɗansu ba su kai ba. Ba sana'ar mai gaggawa ba ce, amma jarinta kaɗan ne, kuma cikin gida ake yinta. A shekarun nan da zuwa gonakin nesa ya yi wuya a wurare da dama saboda rashin tsaro, sana'ar da matan gida da tsofaffi za su iya yi a tsakar gida ba abin rainawa ba ce.

Cuta da ɓarna

In ruɓa ta kama, a yi maza a tumɓuke, a yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi har a kai lafiyayyen nama, a shanya a inuwa mako guda, a dasa cikin sabuwar ƙasa. In ta kai zuciya, sai a ceci 'ya'yan.

Akwai wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye yana tsotson ruwa, tururuwa ke yawo da shi. A goge shi da auduga a bakin tsinke, a kori tururuwar. Akwai kuma wani mitsitsin ƙwaro wanda ido ba ya gani, mai sa tsakiyar shuka ko karan fure ya yi kumburi mai ƙurji-ƙurji, ya karkace. Wannan yana yaɗuwa. Wadda ta kamu a ware ta a ƙone, hasarar guda ta fi hasarar ashirin sauƙi. Awaki da kaji kuma, ko ba su cinye ba, sukan tattake su kifar da tukwane. A ɗora bisa benci.

Ga ɗan kasuwa

Akan sami irin waɗannan jefi-jefi wurin masu sayar da shuke-shuken ado a manyan birane kamar Abuja da Ikko. Mai saye ya taɓa gindi ya ji da tauri, ya duba tsakiya ba kumburi, ya ɗan girgiza ya tabbata tana da saiwa. Ya zaɓi mai 'ya'ya a gindi ko da ta fi tsada, domin ita ce jari. Ya fara da biyu ko uku, ya ga sun ƙetare damina guda a hannunsa kafin ya zuba kuɗi. Sabuwar da aka kawo a ware ta wata guda kafin a haɗa da na gida. Mai niyyar kawowa daga ƙasar waje kuwa ya sani sai da takardar izni ta hukumar da ke binciken tsire-tsire a kan iyaka. Har wa yau akwai yarjejeniyar duniya ta CITES, ta 1973, wadda Nijeriya ke ciki. Ta sa ƙa'ida a kan fataucin dangin zabuwa tsakanin ƙasashe, ban da alobera, ta kuma tsananta a kan ƙananan nan na dajin Madagaska.

In ya zo sayarwa, ya gaya wa mai saye gaskiyar ban ruwa. Wanda shukarsa ta rayu shi ke dawowa da abokinsa.

Gargaɗi biyu

Na ɗaya, zabuwar ado ba magani ba ce. Ƙarƙashin fatar ganyen dangin nan akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci wanda ke sa zawo mai tsanani, yana da hatsari ga mai ciki da yara. Kada a ga ta yi kama da alobera a jiƙa a sha. A ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai.

Na biyu, kada kwaɗayin ciniki ya sa samari su bi duwatsu suna tumɓuke ta daji buhu-buhu. Abin da ya yi shekaru yana girma a tsagar dutse, yini guda ya isa a ƙare shi. Mai son ta gida ya ɗauki ɗa guda ya bar uwar, cikin 'yan shekaru zai sami abin da ya ishe shi.

A taƙaice: tukunya mai huda, ƙasa mai tsakuwa, hantsi ban da ranar tsaka, rumfa da damina, tsinke kafin ruwa. Yanzu ne lokacin yi wa magina magana da tara rairayi, tun rafi bai kawo ba. Wanda ya ga wata alama a shukarsa da bai gane ba, ya ɗauki tukunyar ya kai wa malamin gona na yankinsa. Allah ya sa albarka.